Ranar da Injin Hura Ganye Ya Ɗauke

Ko na tsufa tukuf, ba zan taɓa mantawa da safiyar da bakina ya kusa mayar da ni Kano ba. Wajen 2006 ne, ina gadin wani rukunin gidaje a unguwar Al-Sadd, can ƙasar Larabawa.

Harabar nan dabino ne kawai da 'yan furannin bakin katanga. Amma mudir ɗinmu, wato mai kula da gidajen, wani dogon Basudane da ake kira Ustaz Usman, ya je ya sayo injin hura ganye mai shan fetur, irin wanda ake goyawa a baya. (Ganyen da tsintsiya za ta kwashe kafin shayi ya huce!) Abin ma ba shara yake ba. Yau ya kwashi ƙura daga ƙofar wannan ya kai ƙofar wancan, gobe ya dawo da ita. Ƙara kamar babur mai fasasshen salansa, hayaƙi har cikin maƙogwaro. Wata Bamisariya mai yaro mai asma kullum sai ta leƙo ta taga ta yi masifa, ba mai jin ta.

Baba Alhassan, dattijo ɗan Zangon Kumasi, shi aka ɗora wa wannan bala'i. Rannan ya iso kusa da ɗakin gadi yana ta ɓarin hayaƙi, ya nuna kunnensa.

"Tun jiya yake min kuka!" in ji shi da ƙarfi.

Ni kuma, sarkin iya magana, na buɗe murya don in rinjayi injin.

"Baba, ai ba laifinka ba ne! Wanda ya sayo ne ba shi da lissafi! Ya kurmantar da kai, ya shaƙe ɗan mutane..."

Daidai nan fetur ya ƙare. Tsit. Ni kuwa bakina bai da birki.

"...dogon banza, kai kamar tulu!"

Baba ya zaro ido. Na waiwaya, ga mudir tsaye a bayana. Ban ko girgiza ba, na ce a raina ina Basudane ina Hausa? Har da murmushina: "Sabahul khair, ya mudir."

Ya gyara rawaninsa a hankali.

"Lafiya lau, ɗan samari. Dogon banzan ya tashi lafiya."

Da Hausa. Tsantsarta, irin ta tsofaffi. Ashe kakansa mutumin Haɗeja ne, ya taso aikin Hajji a ƙafa ya yada zango a Sudan. (Tun zuwana nake gulmarsa a gabansa, yana danna waya kamar ba ya nan.)

Kalma ɗaya zai faɗa wa kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, khalas, sai filin jirgi. Na fara inda-inda, wai tulun nan ai yabo ne a garinmu.

"Na ga kana tausayin kunnen Alhassan," ya ce. "To ka karɓe shi. Yalla."

Har ƙarshen wata ni ke goyon injin. Kunnena ya yi ƙugi, tufafina suka koma warin fetur, Bamisariyar nan ta juyo da masifarta kaina. Baba kuwa yana zaune a kujerata cikin sanyin esi, yana ɗaga min kofin shayi.

Har gobe ina nan kan bakana: injin nan shirme ne, na faɗa na ƙara. Sai dai yanzu, in zan zagi mutum a ƙasar Larabawa, sai na fara tambayar daga ina kakansa ya taso.