Kaka Verlene da Faifan Ƙattin Ingila

"...da hutawa, tsohuwa mai ran ƙarfe! Af, har yanzu kina nan? Ni da na zo da shirin rabon gado."

"Lafiya lau, marar kunya. Gadonka tsintsiya ce, tana bayan ƙofa. Ina saƙona?"

Haka Rondell, ɗan yayata, yake gaida Mama tun da bakinsa ya buɗe, yau ga shi da gemu yana tuƙa bas a cikin Memphis, bai sauya ba. Ni Earline, autar gidan, ina bakin ƙofar kicin ina gyaran ganye, kunnena yana falo. Alhamis ce, saura kwana biyu taron dangi da muke yi duk watan Yuli. Shekara arba'in mahaifinmu Baba Hosea ne mai riƙe allura a taron, shi ke sa faifai, ba mai taɓa masa garmaho. Bara Allah ya ɗauke shi. Mama ce za ta faɗi magajinsa, kuma kowa ya san ran Rondell yana kan kujerar nan, ba ya ko iya ɓoyewa. Shi ya sa da ta aike shi sayen faifan buɗe rawa, "Takalmin Lahadi" na Lonzo Merriweather, don namu ya tsage, da gudu ya fita. Mama na cikin 'yan amshin waƙar nan tana 'yar shekara goma sha tara, kuma ko mai kawo wasiƙa ta gaya masa.

"Ga shi, ranki ya daɗe."

Mama ta maƙala tabarau, ta zaro faifan daga leda. Sai shiru. Ni da na san shirun Mama, na ajiye wuƙa.

"Rondell. Su wane ne waɗannan?"

"Mawaƙa ne, Kaka."

"Na aike ka Lonzo Merriweather, ƙaton baƙin mutum mai muryar da ke sa gilashin taga rawa. Ka kwaso min ƙattin Ingila huɗu, gashi har gadon baya, ko wanka ba su yi ba aka ɗau hoton!"

"Ai waƙar ɗaya ce. Karanta mana, ko tabaran ma ya tsufa?"

"Ɗaya ce? Earline! Kina jin abin da yayarki ta haifa mana? 'Yan Harlow ne fa! Ɓarayin nan da suka ɗauki waƙar bawan Allah, suka zuba mata ihun jita, duniya ta yi ta tafa musu, shi kuwa Lonzo ya ƙare yana tuƙa motar 'yan makaranta!"

"Sun ce girmama shi suka yi."

"Allah ya sa ɓarawo ya girmama motarka haka."

"Ba amin ba. Amma kin taɓa sauraronta kuwa?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Da na ji jitar nan ta buɗe baki nake kashe rediyo. A cikin gidan Hosea ka shigo min da wannan? To ka ji da kyau. Allurar mijina ba za ta faɗa hannun wanda bai san zinariya da gwangwani ba. Marquis zan ba."

Marquis ɗan wanmu ne na Chicago. Na ga fuskar Rondell ta sauya, don wannan karon ba wasa a muryarta.

"Marquis? Wanda ya tambaye ki ina ake sa wa faifai caji?"

"Shi aƙalla ya san bai sani ba."

"Wanda ya ɗora kofin shayi a kan faifan Hattie Boggs?"

"Ya ba da haƙuri. Kai ko kalmar ba ka taɓa ji ba."

"Haba Kaka, wannan ai zalunci ne! Ko a kotu sai an yi wa mutum tambaya kafin a ɗaure shi. Gwada ni ki gani."

"Za ka sha kunya, ɗan nan."

"In na sha, ai a gidanku na gada."

Mama ta gyara zama, ta miƙe wuya kamar ranar da take jan mawaƙan coci.

"Wa ya kaɗa ganga a faifan farko na Hattie Boggs?"

"Peewee Sims. Sandarsa ɗaya ta karye a tsakiyar waƙa, ya ƙarasa da cokalin miya."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke. Sau ɗari tara. Ko ranar da aka cire miki haƙori, da auduga a bakinki sai da kika faɗa."

"Rufe min baki. Me ya sa Roy Tillis ya bar waƙar duniya ya koma coci?"

"Tsawa ce ta faɗa wa motarsu a hanyar Jackson."

"Ƙarya! Wannan labarin 'yan jarida ne. Matarsa ce ta bi shi har kan dandamali da kaskon suya."

"Ai shi ya ce gara tsawar."

Sai da na toshe bakina da tsumma. Mama ta harare ni, ta koma kansa.

"Masu busa nawa ne a bayan Lonzo?"

"Huɗu a hoto, uku a faifai. Na huɗun surukin mai situdiyo ne, ƙahonsa ba ya ko ƙara, don hoto aka ba shi."

"Hm."

"Ki shiga kiɗan rok mai ihun jita mana, ko a nan karatun ya tsaya?"

"Ni za ka gaya wa rok? Na san Buck Delaney tun yana wanke faranti a gidan abincin gwaggota, ɗan siriri, ko gashin baki babu. Ni na nuna masa yadda ake riƙe jita."

"Makon jiya kin ce ke kika koya wa Lonzo numfashi."

"Da ban koya masa ba, da ya kai shekara saba'in?"

"Kuma kin ce da kika yi waƙa a bakin kogi, Mississippi ya tsaya cak."

"Akwai shaidu."

"Suna ina?"

"Sun mutu. Laifina ne? Juya min baya, marar ta ido. Yanzu za a yi na gaskiya."

Wannan shi ne gwajin Baba Hosea. Mutum ya juya baya, a ɗora allura, a ƙirga uku a ɗaga, ya faɗi mai waƙar. Mama ta jawo akwatin faifai, ba ta yarda a taimaka mata ba. Ta ɗora, ta ɗaga.

"Eula Strand. Kafin ta yi aure, lokacin muryar na da sauran farin ciki."

Ta sake.

"Buck Delaney, ɗalibinki."

Ta sake, wannan karon ko biyu ba ta ƙirga ba.

"Ha'inci, Kaka! Amma 'yan gidan Pettway ne, kuma an ɗauka a Detroit, don gangar ta cika tsabta. Tamu ta nan tana da ƙura."

Mama ta rufe garmaho a hankali. Na san ta ji daɗi, don hancinta ya buɗe, amma Mama da yarda da kaye sai dai wani ya gani, ba ni ba.

"Aku ma yana haddacewa. An aike ka Lonzo, ka kawo ɓarayinsa. Wanda ya yi wannan bai san abin da ake yi wa rawa ba. Marquis."

Kai, raina ya ɓaci! Yaro ya amsa komai tas, sai a ce ya faɗi? Har na buɗe baki, Rondell ya ɗaga min hannu.

"To saura ni. Tambaya ɗaya tak. In kin ci, ni da kaina zan ɗauki garmahon nan a ka, in kai wa Marquis har ƙofar otal."

"Ni za ka gwada? Lokacin da nake gaban makirfo, uwarka ko a mafarki ba ta zo ba."

"To rufe ido. Banda leƙe, na san halinki a wasan karta."

Ta rufe. Ina kallo ya ɗauko faifan ƙattin Ingilan nan, na ce yau yaron nan zai kashe min uwa. Amma bai ɗora allurar a farko ba. Can kusa da ƙarshe ya lallaɓa ya ajiye ta. Sai ga tafi, sai ga muryoyin mata uku sun taso tare, ɗaya ta rabu da sauran ta yi sama, ta yi ta hawa har tsigar jikina ta tashi.

"Wace ce ta saman nan?"

Mama ta karkata kai, ido a rufe. "Ta ƙasan Lottie ce, Allah ya jiƙanta. Ta tsakiya Bernice, ga ta nan tana makara kamar kullum. Ɗakin bayan shagon wanki ne wannan, ina jin katakonsa. Ta saman kuwa..." Ta yi murmushi. "Yarinyar nan ta iya waƙa."

"Suna na tambaya."

"Ni ce, ɗan banza! Wa ya isa ya hau can a garin nan in ba Verlene ba? Na ci. Ɗauki garmaho."

"Faifan wa ne?"

"Wannan tambaya ta biyu ce."

"Mai riƙe allura ba ya cewa haka. Faifan wa ne?"

"Na... bari. Ba na Eula ba ne. Na yaron nan ne mai ɗingishi?"

"Buɗe ido."

Ta buɗe. Ta dubi faifan yana juyawa, ta dubi ƙattin da ke jikin kwalin, ta sake duban faifan.

"Ya Yesu. Ƙarya ne! Da kwamfuta kuka haɗa!"

"Faifan ya girmi uwata, Kaka. Ga shi a baya da ƙananan baƙi: an ɗauka a Landan da Memphis, Maris 1969."

Mama ta zauna daɓas. Ta juya kwalin, ta bi ƙananan baƙin da yatsa.

"Haka ake mana. A kira mu da safe, a maƙala mana abin ji a kunne, a sako tef. Ganga ce da jita a guje, ba murya, ba suna. A ce ku yi uu-uu a nan, ku tafa a nan. Waƙa biyar, shida a rana, a sallame mu mu kama bas. Wa zai gaya maka ta wa ce? Sun yi mata gudun da ko Lonzo ba zai gane abarsa ba."

Ni kuwa sai na tuna ranar da ta bar keken sayayya cike a tsakiyar kanti ta fice, don sun sako waƙar nan. Shekara hamsin da ɗoriya tana kashe ta a ihun jita na farko, alhali mata ba sa shigowa sai a minti na ƙarshe. Tausayinta ya kama ni, dariya ma ta kama ni, na rasa wanda zan fara.

"Kai kuma ya aka yi ka sani?" in ji ta.

"Mai shagon faifan ne ya sa min don tsokana. Ina tsaye sai na ji muryar da ke kirana cin abinci daga ƙarshen unguwa. Kaka, a gaban mutane na juya na ce na'am. Har wandona na ja sama."

"Wato ba Lonzo kaɗai suka sace ba, har da ni! Dubi nan, sun sa sunan mai ɗaukar hoto, sun sa sunan mai yi musu shayi, babu Verlene, babu Lottie, babu Bernice! Marasa mutunci! Dama na yi ta mamakin yadda ƙazamar waƙar nan ta karɓu. Ashe ni ce."

"Ashe ke ce ɓarauniya ta biyar."

"Zan fasa maka baki! To da me za a buɗe rawa jibi? Ina faifan Lonzo? Kar ka ce min ka bar shi a mota cikin ranar nan ya lanƙwashe!"

"Ni zan bar Lonzo a mota a watan Yuli? Yana kicin, a tsaye, a inuwa. Ta ƙofar baya na fara shiga, Inna Earline na bayan gida."

Na leƙa, ga shi kuwa jingine bayan gwangwanin gari. Da na dawo da shi, kafaɗun Mama na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, hawaye na bin tabarau. Ta jawo jakarta ta zuwa coci, ta kwance wani ɗan hankici. Tsohuwar tsabar senti biyar ce a ciki, da guntun salatif a jikinta har ya yi baƙi. Ita Baba yake liƙawa a kan allura, don kar ta yi tsalle in dangi sun fara girgiza ƙasa. Ni ban ma san tana wurinta ba.

Ta kama hannun Rondell ta danƙa masa, ta naɗe yatsunsa a kai. Yaron nan mai baki kamar reza ya rungume tsabar a ƙirji da hannu biyu.

"Ungo, ɗan nema. Lonzo za ka fara sawa. In an gaji, sai ka sa na ƙattin nan, amma daga ƙarshe, inda ake waƙa. Ka ƙure murya, ka kira sunan Lottie da Bernice a lasifika. Kuma ka tabbata matar Fasto tana kusa, don ta sha cewa ban taɓa fita daga Tennessee ba. Ta ji da kunnenta, tun tana tsumman goyo nake zaga duniya."