Ranar da Dokta Liƙau Ya Liƙe Goshin Surukinsa

Asibitin nan bai taɓa dacen likita irin Dokta Liƙau ba. Shi ma ya san haka, kuma ba ya rowar faɗa. Tun da ya dawo daga wani taro da kwalin gam ɗin liƙe rauni, nas-nas suka raɗa masa sunan. Shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce.

Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ya yi huɗuba. "Zare da allura aikin tela ne. Gam ba zafi, ba ɓata lokaci, ba dawowa cire zare, tabo kuma ɗan kaɗan." Idan abokan aikinsa suka ce gam na ƙaramin yanka ne, rauni mai zurfi ko na kan gwiwa sai ɗinki, sai ya girgiza kai cikin tausayi. Hassada, in ji shi, ba ta da magani.

Ana nan sai surukinsa, mahaifin matarsa, ya zame a banɗaki, goshi ya tsage. Matar Dokta ta kawo shi tana kuka. Yankan ƙarami ne, daidai da gam, kuma da Dokta ya yi shiru da an gama lafiya. Amma ina! Ya sa aka tara ma'aikata, aka ɗaga waya ana ɗauka. Ya cire safar hannu don zobensa ya fito a hoto, ya tsiyaya gam har da ƙari, ya matse fatar da yatsu biyu.

"Baba, yau za ka shiga tarihi. Jama'a, ku kalli hannun gwani."

Ya yi ta zuba bayani. Gam kuwa bai jira shi ba. Da ya zo ɗaga hannu, sai kan tsoho ya biyo shi. Ya ja hagu, tsoho ya bi hagu. Aka ruga neman man da zai raba su, Dokta na durƙushe, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Tsoho ya leƙo shi ta ƙarƙashin tafin hannu, ya yi gyaran murya.

"Kada ku yi gaggawa," ya ce. "Tun da ya auri 'yata, bai taɓa daɗewa a wurina haka ba."