Ranar da Na Bi Motar Baturiya da Ƙullin Kifi

Har yau akwai tambayar da na kasa ba kaina amsa: ni ce na hana yarinyar nan zuwa karatu ƙasar Turawa, ko dama ba rabonta ba ne? Ita ta ce ba ni ba ce. To amma likita ce, ta saba ce wa majinyaci da sauƙi alhali ta san babu.

Ranar dai ba za ta taɓa fita daga raina ba. 'Yar farina ce, kuma mu a gidanmu na Katagum ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a ma nuna an san shi a gaban mutane. (Ke mai rubuta mini, kada ki tsaya jira, ko yanzu ba zan faɗi sunan ba. Ki sa Likita.) Ana yaye ta aka kai ta Misau riƙo, wajen yayar mijina Malam, Allah ya jiƙansa. Can ta girma, can ta yi makaranta, har ta zama likita a asibiti a Azare. Adda take ce mini, kamar wata yayarta.

Abin da ya dame ta shi ne tsargiya. Yaran masunta na bakin kogin Jama'are fitsarin jini suke yi, har mu muna ɗauka alamar girma ce. Sai wata jami'a ta Turawa ta ce za ta ɗauki likita guda ya je ya koyi bincike a wajen masananta, ita za ta ɗauki nauyin komai. Amma da sharaɗi: sai ɗan yankin da cutar take, mai tushe a wurin, wanda in ya gama zai dawo gida. Likita ta nema. Matsalar ita ce kowa a 'yar Misau ya san ta. Don haka da baturiyar da ke jagorantar aikin ta zo duba garuruwan bakin kogi, Likita ta ce bari ta kai ta gidan da aka haife ta, ta gani da idonta.

A lokacin Malam yana kwance a Azare, ciwon da bai tashi ba ke nan. Ni na dawo gida ɗebo kaya. Likita ta aiko cewa baƙi na zuwa, in karɓe su da kyau. Iyakar saƙon ke nan. (Ita ma nauyina ne ya hana ta ce mini ga abin da zan faɗa. Kin ga, mu biyu muka haɗu muka tafka.)

Na kuwa karɓe su da kyau. Miyar ɗanyen kifi, fura da nono, sabuwar tabarma. Matan unguwa suka cika tsakar gida don ganin baturiya, har da ƙanwar Malam, Hajiya Talatu, wadda in ta kama abin tsokana ba ta saki sai an shekara. Tafinta kuwa wani ma'aikacin lafiya ne daga kudancin Bauchi, Malam Yohanna. Likita ta rakuɓe a bakin ƙofa.

Bayan an gaisa, baturiya ta nuna ta tana murmushi. Malam Yohanna ya ce, "Hajiya, tana tambaya, wannan 'yarki ce?"

Duk idanun dangin miji suka dawo kaina. Na sunkuyar da kai na ce, "'Yar Misau ce."

Ya yi gyaran murya. "Hajiya, abin da kika faɗa fa shi zan juya mata."

"To ƙarya na yi? Juya mata."

Ya juya. Baturiya ta sake tambaya: in an kai ta karatu, ina ganin za ta dawo nan ta zauna cikinmu?

"Ina ruwana da zamanta? Ta je inda ta ga dama. Ai ba ni ke da iko da ita ba."

"Ta ce yaya ƙoƙarinta, a ganinki?"

"Wace? Wannan da ko tuwo ba ta iya tuƙawa?"

Mata suka kwashe da dariya, Hajiya Talatu tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, matar yaya, har yanzu akwai masu kunya." Wallahi har daɗi na ji. Na gyara zama kamar wadda ta ci gasa. Malam Yohanna ya yi ta turanci mai tsawo yana nuna ni, yana nuna Likita, da alama al'adarmu yake ƙoƙarin kwance mata. Baturiya dai ta daina murmushi. Ta ajiye ludayi, ta yi godiya, suka miƙe.

Likita ba ta dube ni ba. Malam Yohanna ne ya dawo ɗaukar hularsa, ya ce mini a hankali, "Hajiya, abin da matar nan ta zo ji daga bakinki guda ne: cewa yarinyar 'yar gidan nan ce, kuma akwai masu jiran ta dawo."

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na suri ƙullin busasshen kifin da na manta ban ba baƙi ba, na fita da gudu, ba takalmi, ba mayafi, ni da ko zaure ban saba leƙawa haka ba. Mota ta riga ta tashi da su, har da Likita. Na bi ta ina riƙe zani da hannu guda, kifi na zubewa, ina ihu:

"Ni na haife ta! Wallahi ni na haife ta! A ɗakin can na kudu! Cibiyarta na bayan ɗaki!"

Motar ta sha kwana. Waɗanda suka ji ni su ne dattawan da ke zaune ƙofar masallaci suna jiran la'asar, da mai shayi, da Hajiya Talatu da ta biyo ni da mayafina. Ta yafa mini ta ce, "To, Ni-na-haifa, taho mu tsince kifin." Sunan ya bi ni har yau. Jikokin maƙwabta ma ba su san ina da wani ba.

Wani aka ɗauka, ba Likita ba. Ta ce mini wai asibitinsu ba shi da yarjejeniya da jami'ar, kuma akwai wani digiri da ake so wanda ba ta kai ba. Mai yiwuwa gaskiya ne. Tana nan dai tana bin ƙauyuka da maganin tsargiya, ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Ni kuwa abin da na koya, bayan tsufa ya riga ya zo: kunya wajen wanda ya san ta ake yin ta, kuma in za a ajiye ta, a ajiye kafin mota ta tashi.

Da na koma Azare na ba Malam labari. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, har na ji haushi. Daga nan jikin ya yi nauyi, magana ta ɗauke. Wata safiya ina shafa masa ruwa a fuska ya buɗe ido. Likita na tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ba ta shigo ba saboda ina ciki. Ya dube ta, ya dube ni. Na kai kunnena kusa da bakinsa, ban san daga wannan ba zan sake jin muryarsa ba. Ya ce:

"Uwar Likita, duk Katagum sun ji. Ita kaɗai ce ba ki faɗa wa ba. Ga ta can, je ki."