Yadda Za Ka Tsare Littattafanka Daga Hannun 'Yarka

Idan kana da littattafai a gida, kuma kana da 'yar shekara huɗu mai hannu duk manja, to ka zo wurin gwani. Ni jikan malamai ne a Ƙofar Kuyambana. Na gaji littattafai kabad guda, har yau ko shafi ɗaya bai yage ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari 'yarka ba za ta ƙara kusantar littafi ba. A kan tawa, Batul, na gwada.

1. Sayi kabad mai gilashi

Baƙo zai gani ya san gidan ilimi ya shigo, yarinya kuma ta gani ba ta taɓa ba. Jera masu bangon ruwan zinare a gaba, ka kulle. Ba sai ka karanta su ba. Ni kaina rabona da buɗe su tun ina saurayi, amma har gobe Malam ake ce mini.

2. Riƙe magana ɗaya

"Ba a taɓawa." Kada ka yi bayani, bayani yana jawo tambaya. Haɗa da zare ido.

3. Ka ce mata gobe

Za ta zo, babu makawa. Tawa ta tono wani tsohon littafin firamare na uwarta mai hoton akuya, ta haye cinyata ta ce, "Baba, me akuyar nan take cewa?" Nan ne ragwaye suke faɗuwa. Kai dai ɗaga wayarka ka ɗaure fuska, ka ce nazari kake yi, ko da gardamar ƙwallo kake bi a zauren tsofaffin ɗalibai. Ka ce gobe. Littafin kuma ka karɓe, ka sa shi a kabad don kar ya lalace.

4. Toshe kunne ga maganar matarka

Tawa, Safiyatu, takan ce mini, "Malam, littafi dai don karatu aka yi shi. Bar ta ta yaga ɗaya mana, ba tashin duniya ba ne." Kada ka biye mata. Fara jero mata sunayen kakanninka da fannin da kowa ya ƙware, har ta gaji ta koma kicin.

5. Goge gilashin a gabanta

Duk Juma'a da safe. Yaro da ido yake koyo. Na taɓa jin Batul tana yi wa ɗan maƙwabta alfahari cewa, "Babana da tsumma yake karatu."

6. Girbi abin da ka shuka

Ranar Asabar ƙanwata Ibtisam ta kawo wa Batul tsaraba: sabon littafi mai hotunan tsuntsaye, nata na kanta. Ta ce, "Buɗe mu gani, 'yar gidana." Batul ta karɓa da hannu biyu, ta goge bangon da bakin hijabinta, ta miƙo mini.

"Baba, kulle shi, kar in ɓata."

Ibtisam ta dube ni kawai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma a falona. Amma dai ka ga aiki ya yi kyau.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin duk abin da zai biyo baya. Idan ka wayi gari ka buɗe kabad da hannunka, ka baje a tabarma da littafin akuya kana kukan akuya da gemunka, kana cewa "zo ki taɓa, ko kin yaga ba komai", ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta ɓoye hannuwanta a baya, to kada ka nemo ni. Ban rubuta matakin warwarewa ba, don ban san shi ba. Wanda ya sani ya taimaka ya leƙo Ƙofar Kuyambana. Zai same ni a kan tabarma, kabad a buɗe, ina jira.