Rasuwar Mitsitsiya, Wadda Aka Ɗura wa Batirin Keke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fushi ya fi yawa a cikinsa, ni Nana Firdausi Habibullah ta Gumel nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'yar kwamfutata, wadda muke kira Mitsitsiya. Ta rasu ranar Laraba bayan azahar, a kan tabarma a ɗakin Inna, tana tsakiyar karɓar babbar manhajar da za ta rayu da ita. Abin da na fara gani da na shigo ɗakin ba gawar ba ce. Cajarta na gani, a jikin wayar yayana Ɗantala.

Marigayiya ba ta wuce tafin hannu ba. Ba ta da murfi, ba ta da ado, ɗan allo ne kore guda ɗaya da komai nata a kai. Ba ta da hayaniya. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, ko ranar da gari ya yi hadari solar gidanmu tana ɗaukar ta. In tana aiki, 'yar fitilarta koriya kawai take ƙiftawa, kamar mai jin kunyar a ce ta yi magana. Wataƙila shi ya sa jininmu ya haɗu.

Ba don wasa na kawo ta ba. Ƙanwata Tayyiba, 'yar kawunmu da ke Ɗanzomo, za ta zauna jarrabawar shiga jami'a a wata mai zuwa, ita da ƙawayenta, kuma a kwamfuta ake yin ta. A cikinsu babu wadda ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta. Tayyiba a bayan kwalin taliya ta zana allon rubutu, a kansa take koyon inda haruffa suke. Na yi mata alkawarin ranar Asabar za ta taɓa na gaske.

Ga yadda jinya ta kasance. Na sha wuya kafin na sauke manhajar, domin sabis ɗin unguwarmu sai ya ga dama. Na juye ta a katin memori, na saka katin, na jona talabijin ɗin Inna. Rubutu fari ya fara gudu a kan baƙi. A wannan gaɓa ba a katse wa kwamfuta wuta, kamar yadda ba a tashin mai naƙuda a ce ta matsa a shimfiɗa tabarma. Inna ta kira ni in taya ta damun fura. Kafin in fita na durƙusa gaban Yaya Ɗantala, wanda ke zaune a ɗakin, na ce, “Yaya, don Allah kar a taɓa wannan cajar.”

Ya ce, “An gama, Injiniya.”

An kuwa gama. Wayarsa ta nuna ja, ya zare cajar ya saka. Da ya ga talabijin ya yi duhu, maimakon ya mayar ko ya kira ni, sai tausayi ya kama shi. Ya ɗauko batirin Keke Napep ɗinsa da ke zaure, ya feɗe wayar wuta da haƙori, ya jona wa marainiyar Allah kai tsaye. Volt biyar take ci. Ya ɗura mata sha biyu.

Tun da ta zo gidan nan ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Daga kicin na ji ta ce “tas”, kamar an fasa gyaɗa. Shi ke nan. Sai ƙaurin roba.

Da na tsaya a kanta, yayana ya ce, “To ai wuta wuta ce. Abu kamar biskit, ashe ba shi da ƙwari.” Inna ta ce, “Yayanki ne, taimako ya yi niyya.” Na ce haka ne. A gidanmu ƙanwa ba ta ɗaga wa yaya murya, ni kuma ko a makaranta sai an ce in maimaita. Saboda haka nake rubutawa a nan, inda ba za a ce in maimaita ba: wuta ba wuta ba ce, Yaya. Kuma na roƙe ka. Da bakina na roƙe ka, ina durƙushe.

Marigayiya ta bar allon rubutu guda, wanda ke takaba a bayan ƙofa. Ta bar linzami da bai taɓa aiki ba, da katin memori da ya tsira da rabin hankalinsa, da talabijin ɗin Inna, wanda ya koma nuna fim a ranar ba tare da ya yi zaman makoki ba. Ta bar caja, wadda har yanzu tana hannun wanda ake zargi. Ta kuma bar 'yan mata a Ɗanzomo da kwalin taliya. Irinta ba a samu a kasuwar Gumel, ko a Kano sai an yi oda an jira, jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi bayan la'asar. Za a naɗe ta a farin hankici, a saka a gwangwanin alewa, a ajiye a saman drowar ɗakina inda hannun masu taimako ba ya kai. Ba za a ba 'yan gwangwan ita ba, ko da kofi za su musanya. An ɗauke wa Yaya Ɗantala ɗaukar makara, ya riga ya yi nasa. Masu zuwa gaisuwa kowa ya taho da cajarsa.

Mai gaisuwa ta farko ta riga ta zo. Na kasa kiran Tayyiba in gaya mata, don haka yau Asabar ta shigo motar safe daga Ɗanzomo, da kwalinta a cikin leda. Ta gaishe da Inna, ta zauna kusa da ni, ta kalli ɗan baƙin tabon da ke jikin marigayiya. Na miƙa mata allon rubutun mai takaba, ko ba komai ya fi kwali. Ta danna harafi ɗaya, ta ɗaga kai ta dubi talabijin. Babu abin da ya fito. Ta saka allon rubutun a ƙarƙashin hijabinta, ta nemi takalmanta a bakin ƙofa, ta fita.