Yadda Za Ka Tsarkake Wayarka Har A Kira Ka Injiniya

Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin mako guda sunanka zai koma Injiniya. Mijinyawa, tela a Wunti, ya gwada, kuma har gobe ana zancensa.

1. Kashe Jabasikirif

Shi ne ɗan umarnin da ke sa shafin intanet motsi, ya sa maɓalli ya amsa in an danna. Kashe shi. Rabin shafuka za su fito fari fat kamar sabuwar shadda. Kada ka damu. Mijinyawa kan ce, "Abin da ya ƙi buɗewa, dama ba alheri ba ne."

2. Nemi abokin musu

Nasa Hamma ne, mai gyaran waya, wanda ya yi ƙaura gaba ɗaya zuwa Gofa, tsohuwar hanyar intanet mai rubutu zalla, ba hoto ba talla.

"Rabin tuba ka yi," in ji Hamma.

"Kai kuma ƙauye ka koma, ku bakwai a duniya."

Ilimin da ba a yi masa gardama a benci ba, ai asara ne.

3. Karɓi amana

Bintu, ƙanwar Mijinyawa, ta shekara biyu tana jiran fom ɗin makarantar jinya. Ranar rufewa ta kawo takardunta shago.

"Yaya, ƙarfe huɗu za su rufe fa."

"Ke dai zauna, gidan ƙwararru kika zo."

4. Kada ka kunna

Mijinyawa ya cike komai a wayarsa, ya danna maɓallin aikawa. Shiru. Ya sake dannawa har yatsa ya yi zafi. Ya san maganin sarai, taɓawa ɗaya ce. Amma ga Hamma a benci yana murmushi, kuma namiji ba ya kunna abin da ya kashe a gaban jama'a. Ka ce sabis ne.

"Da a Gofa ne, da ba a yi haka ba," in ji Hamma.

"Akwai fom ɗin a can?" Bintu ta tambaya.

"Babu. Amma da ba ki sa rai ba."

5. Karɓi sarautarka

Huɗu ta yi. Bintu ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Allah ya ƙara ilimi." Ni kam na ji tausayinta.

Hattara: duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, ni dai na cika alkawari. Tun ranar Bintu ba ta sake ce masa Yaya ba. Injiniya take kiransa, kamar kowa.