Rasuwar Ɗan Baƙi, Fawa Bankin Sufyanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da waya wadda babu komai a cikinta, Sufyanu na Zurmi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fawa bankinsa, Ɗan Baƙi, bayan gajeruwar jinya.

Marigayin ya shigo gidan nan daga kasuwar Shinkafi. Mai haƙuri ne, marar surutu. Iyakar maganarsa "ƙit" idan an danna shi. Lokacin da wuta ta tafi har yara suka manta ana kunna ƙwan lantarki, shi ya riƙe unguwa. Albarkacinsa Sufyanu, wanda bai gama aji uku ba, ya zama Injiniya. Albarkacinsa kuma ya sami hujjar tsayawa ƙofar gidan su Nazifa kullum da la'asar, ya karɓi wayarta babu caji, ya mayar da ita cike, a ɗan taɓa hira. In ban da marigayin, bai da abin da zai kai shi ƙofar nan.

Ajali ya zo ta ɗan gilashin sola da ke bayansa. Mai sayarwa ya rantse cewa rana abincinsa ce. Sai Sufyanu ya ɗora shi kan kwanon ɗaki, tsakiyar bazara, don ya ci ya ƙoshi. Yana saukowa ya ga wani aboki zai tafi Ƙaura kallon ƙwallo, ya haye bayan babur. Da ya tuna, har an kwana, an wuni.

An sauko da marigayin cikinsa a kumbure kamar akuyar da ta faɗa buhun dusa. An kwantar da shi gindin randa, an yi masa fifita, an tura shi cikin gero. Bai sake buɗe ido ba.

Ya bar waya mai fasasshen gilashi, da tocilan Inna Kulsumu, da Injiniya wanda tun jiya aka koma kira da sunansa na yanka.

Za a binne shi bayan gari, nesa da murhu, domin an ce irinsu kan fashe. Ba za a yi masa wanka ba. Zaman makoki a bencin shagon cajin Imrana, inda Sufyanu ke bin layi. Gaisuwar Nazifa ta riga ta iso: ta aiko a ba ta igiyar cajinta, Imrana na jira.